Yadda Ake Gano Matsalar Kuloci da Giya Kafin a Sauke Giyabos

Sauke giyabos aiki ne na yini guda, kuma kuɗinsa ba wasa ba ne. Sau da yawa kuwa abin da ya hana giya shiga bai wuce man da ya tsiyaye ko kebur da ya saki ba. Don haka a fara bincike daga abin da ba ya cin ko sisi, a bar kwance-kwance sai ya zama dole.

Mataki na farko, kuma wanda ya fi kowanne amfani: ka faka motar a wuri mai daidai, ka ja burkin hannu, ka kashe inji. Taka kuloci ka bi giyoyin ɗaya bayan ɗaya har da ribas. Sannan ka tayar da inji ka sake bi. Idan giya tana shiga lafiya lau inji a kashe, amma da zarar ya tashi sai ta cije ko ta yi gurnani, to giyabos ba shi da laifi. Kuloci ne ba ya raba inji da giya sosai, farantin kulocin yana ci gaba da juyawa alhali ƙafarka tana ƙasa. Idan kuwa ko inji a kashe sandar giya tana tauri, ko tana lilo kamar muciya a tukunyar da babu tuwo, sai a duba hanyar da ta haɗa sandar da giyabos: kebur ko rodi, da ƙananan bushin na roba da suke cinyewa da tsufa. Masu Golf sun san wannan ciwo. Bushin ɗin da bai kai girman ƙwallon dabino ba sai ya ɓatar wa direba da lamba ɗaya da lamba biyu.

A ce gwajin ya nuna kuloci. Sai ka san irin na motarka. Golf 2 da yawancin Golf 3 kebur ne ke jan kulocinsu, Hiace da Corolla kuwa da mai suke aiki. In na kebur ne, danna fedar da hannu ka ji wasan da take yi kafin ta fara nauyi. A galibin motoci wasan bai wuce santimita 1 zuwa 2 ba. Ya yi yawa, kuloci ba zai saki ba. Babu shi sam, kuloci zai riƙa santsi. Wasu keburan ana ɗaure su da noti, wasu su ke daidaita kansu, in sun gaza sai canji.

In na mai ne, buɗe bonet ka duba ɗan tankin. Man burki ne ake zuba masa, DOT 3 ko DOT 4, yadda aka rubuta a murfin, kuma a wasu motocin tanki ɗaya suke sha da burki. Man ya ragu? To galibi akwai inda yake bi, domin ba ƙonewa yake yi ba. Leƙa ƙarƙashin sitiyari da fitila, inda sandar feda ta shiga masta ta sama, ka taɓa ka ji ko da danshi, ka duba kafet ma. Daga nan ka duba masta ta ƙasa da ke jikin giyabos. Akwai wata dabara: taka fedar da sauri sau biyar ko shida sannan ka sa giya. In ta shiga, iska ce a layin ko kuma robar masta ta gaji. Za a fitar da iskar, mutum ɗaya yana taka feda, ɗaya yana buɗe ɗan notin da ke masta ta ƙasa. Amma in ka fitar da iska ba tare da toshe inda ta shiga ba, bayan mako guda za ka dawo gidan jiya.

Santsi shi ne kishiyar rashin sakin kuloci. Ka taka totur a hawa, inji ya yi ta ihu, mota kuwa tana tafiyar hawainiya, wani lokaci har da ƙauri. Gwajinsa: a fili inda babu kowa a gabanka, ja burkin hannu sosai, sa lamba uku, ka saki kuloci a hankali da ɗan totur. Lafiyayyen kuloci zai kashe injin nan take. In injin ya ci gaba da aiki bayan ka ɗage ƙafa, farantin ya cinye ko mai ya jiƙa shi. Sau ɗaya ake wannan gwaji, na daƙiƙa biyu ko uku, don shi kansa yana cin faranti.

Ƙara ma tana da yarenta. Wadda take tashi idan ka taka feda, ta ɗauke idan ka saki, boris ɗin kuloci ne. Wadda kake ji giya tana firi, ta yi shiru da ka taka, daga cikin giyabos take, boris ɗin shaf ɗin da ke karɓar juyin inji. Gurnanin ribas kaɗai bai cika zama abin tsoro ba, domin a motoci da yawa ribas ba ta da zoben nan na tagulla mai daidaita gudun haƙora kafin su haɗu. Taka kuloci, ka jira daƙiƙa uku, sannan ka sa. Amma in giya guda ce tak take gurnani a kan tafiya, galibi lamba biyu ko uku, sauran kuwa lafiya, zoben wannan giyar ne ya gaji. Kafin a yanke hukunci a duba man giya tukuna. Da yawan direbobi suna canza baƙin mai a kan kari, amma man giya tun da aka sayi motar ba a taɓa kwance notinsa ba. A zuba irin wanda littafin motar ya ce. Ƙananan motoci da yawa 75W-90 mai lambar GL-4 suke so, ba kowane mai kauri da aka auno a galan ba.

Mota mai karkarwa lokacin tashi, ko giya mai fita da kanta in ka saki totur, a fara duba robobin da inji da giyabos suke zaune a kai. In sun tsage, inji yana girgiza yana fizgar sandar giya.

Idan duk an bi waɗannan kuma dole sai an sauke, to a yi aikin gaba ɗaya: faranti, da murfin da ke matse shi, da boris. Canza faranti kaɗai arha ce ta ƙarya, don kuɗin aikin sau biyu za ka biya. A duba fuskar filawil ko ta ƙone ko ta yi zane, a duba sil ɗin bayan inji, domin in yana yoyo sabon farantin ma zai jiƙe. In za ka kasuwar Ƙofar Ruwa ko ta Fanteka sayen kaya, ka tafi da tsohon farantin a hannu, a gwada faɗinsa, a ƙirga haƙoran tsakiyarsa. Bayan an ɗaura, ka daina ajiye ƙafa a kan feda kana tafiya, in cunkoso ya tsayar da kai a kan gada kuma ka riƙe motar da burki, ba da rabin kuloci ba.