Yadda ake tsara hutun kwana goma a Maroko ba tare da an ƙare a tashar jirgi ba

Da zarar an ba yara dogon hutu, sai tallan nan ya soma yawo a WhatsApp: hoton raƙumi a kan tudun yashi, hoton wani gari mai shuɗin fenti, a ƙasa kuma an rubuta garuruwa shida cikin kwana bakwai. Kasablanka, Rabat, Tanja, Shafshawan, Fas, Marrakesh, ga sahara a matsayin gyara. Mai wannan rubutu ya taɓa bin irin wannan tsari a zuwansa na farko, kuma abin da ya fi tunawa da shi har yau bai wuce kujerar mota da ciwon baya ba. A Fas, garin da ya yi tafiyar dominsa, awa biyar kacal ya samu, biyu daga ciki a shagon darduma ya ƙarar da su. Tun daga nan da kansa yake tsara tafiyarsa, da biro da takarda.

Abin da ake fara yi, kafin a buɗe taswira, shi ne mutum ya faɗa wa kansa gaskiyar abin da zai kai shi. Mai niyyar ziyarar Shehu Ahmadu Tijjani, wanda ya rasu a Fas a 1815 kuma aka binne shi a zawiyarsa da ke cikin tsohon garin, Fas ce cibiyar tafiyarsa, sauran garuruwa rakiya ne. Mai son kasuwa da hayaniya da sayen tsaraba, Marrakesh. Mai tafe da ƙananan yara ko dattijuwar uwa zai fi jin daɗin Rabat, babban birnin ƙasar, mai faɗin tituna da iskar teku. A zaɓi gari ɗaya a ba shi kaso mafi tsoka. Taura biyu ba ta taunuwa.

Takardu kuwa ba su buƙatar dogon bayani. Mai fasfon Najeriya sai da biza, kuma za a nemi shaidar masauki da tikitin dawowa, don haka a kama ɗakin da za a iya sokewa kyauta har sai biza ta fito. A duba fasfo kada ya kusa ƙarewa, a haɗa da katin rigakafin shawara.

Lokacin tafiya ma layi biyu ya ishe shi. Maris zuwa Mayu, ko ƙarshen Satumba zuwa Nuwamba. A Yuli da Agusta zafin Marrakesh kan haura digiri 40, kuma babu dalilin da Basakkwace zai biya kuɗin jirgi don ya je ya sha ranar da ya bari a gida. A Disamba da Janairu kuma daren Fas na da sanyin da ya fi na hunturun Jos cizo, tsofaffin gidajen garin kuma da yawa ba su da abin ɗumama ɗaki na kirki. Makon Babbar Sallah shaguna da gidajen abinci da dama kan rufe na kwanaki.

Inda ake yin ɓarna shi ne lissafin kwana, kuma a nan ya kamata a zauna a natsu. Darare ake ƙirgawa. Wanda ya ce ya yi kwana biyu a gari, in aka bincika, yini ɗaya cikakke ya samu: ya iso da la'asar a gajiye, ya yini gobe, jibi da safe ya ɗaure kaya. Saboda haka duk garin da aka ƙara a jeri yana cinye akalla rabin yini, ko da tafiyar ta awa uku ce, domin ban da zaman jirgi akwai haɗa kaya, sallamar masauki, neman tasi, jira a tasha, da laluben sabon masauki a garin da ba a sani ba. Ranar zuwa da ranar komawa kuwa a cire su daga lissafi gaba ɗaya. Daga Legas ko Abuja zuwa Kasablanka awa huɗu zuwa biyar ne a sama, mutumin Kano ko Katsina da zai fara zuwa Abuja kuma ya riga ya ƙona yini guda tun bai bar ƙasa ba. Wanda yake da dare goma, garuruwa uku ne rabonsa, na huɗu na kwanan bankwana ne kawai.

Sai a ɗauko taswirar layin dogo, ba ta masu talla ba. Kasablanka, inda jirgi ke sauka, tana tsakiya. Fas na arewa maso gabas da ita, kusan awa huɗu a jirgin ƙasa. Marrakesh na kudu, kusan awa uku. Tsakanin Fas da Marrakesh kuwa fiye da kilomita 500 ne, kuma jirgin sai ya biyo ta Meknes da Rabat da Kasablanka, tafiyar da ke cin awa shida da rabi zuwa bakwai. Wannan ita ce doguwar jijiyar tafiyar, kuma wayo shi ne a karya ta biyu a Rabat, tunda dama hanya ta nan ta bi.

Tsarin da marubucin nan ya tsaya a kai ke nan. A sauka a filin jirgin Muhammad na Biyar, a shiga jirgin ƙasan da ke ƙarƙashin ginin filin, a sauka a tashar Casa Voyageurs, a kama na Fas a ranar. Fas dare huɗu, Rabat dare biyu, Marrakesh dare uku, Kasablanka daren ƙarshe. A kula da sunan tashar nan, domin Kasablanka na da wata mai suna Casa Port, kuma ba daga can manyan jiragen Fas da Marrakesh ke tashi ba. Tikiti a saya da wuri a shafin hukumar jiragen ƙasa ta ONCF, kuma a daure a sayi na aji ɗaya. Bambancin kuɗin bai kai na abincin dare mai kyau ba, ga shi kuma akwai wurin ajiye akwati da wurin miƙe ƙafa.

Za a tambayi dalilin ba Kasablanka dare ɗaya tal, alhali ita ce gari mafi girma. Garin kasuwanci ne da cunkoso, tamkar Legas. Abin da baƙo zai gani a cikinta shi ne Masallacin Hassan na Biyu, wanda aka kammala a 1993, wani ɓangarensa a kan Tekun Atlantika, hasumiyarsa mai tsawon mita 210. A yi sallar la'asar a ciki, a zauna a harabar har magariba ana shan iska, an gama da Kasablanka.

Ranakun mako ma a daidaita su da garuruwa. Mai ziyara ya tsara yadda Juma'a za ta same shi a Fas, ya halarci zikirin yammacin Juma'a a zawiya, inda zai tarar da mutanen Senegal da Mali da 'yan gida Najeriya sahu guda. Amma ya san cewa ranar yawancin shagunan tsohon gari a rufe suke, sayayya sai Asabar. Masallacin Ƙarawiyyin, wanda Fatima al-Fihri ta kafa a 859, tafiyar 'yan mintuna ce daga zawiyar. Majemar Shuwara ma tana nan kusa, inda ake miƙa wa baƙo ganyen na'a-na'a ya kara a hanci saboda wari. Bakano zai yi murmushi a wurin, don ya san cewa fatar jar akuya da aka jeme a ƙasar Hausa ta daɗe tana ƙetare sahara, Turawa suna sayenta da sunan fatar Maroko. Dare huɗu a Fas na ba da damar fita yini guda zuwa Meknes, wadda ba ta kai awa ɗaya a jirgi ba.

Marrakesh kuma ba dandalin Jami'ul Fana da masu wasa da maciji kaɗai ba ce, duk da cewa da shi ake tallata ta. A nan kabarin Alƙali Iyal yake, mai littafin Ashafa da ake karantawa a zaurukan malamai da masallatan ƙasar Hausa, wanda ya rasu a 1149. A nan kuma aka binne Imam Jazuli mai Dala'ilul Khairati. Dukansu suna cikin waliyyai bakwai da garin ya shahara da su. Masu shirya yawon Turawa ba sa sa waɗannan wurare a jerinsu, sai mutum ya nema da bakinsa. Lambun Majorelle kuwa sai an sayi tikiti ta intanet tun kafin a je ƙofa.

Yanzu sai yankewa, aikin da ya fi ciwo. Sahara ce farkon abin da za a soke. Daga Marrakesh zuwa tuddan yashin Marzuga kilomita 560 ne ko kusa da haka, awa tara zuwa goma a mota, ta kan tsaunukan Atlas da mashigin Tishka mai tsayin fiye da mita 2,200, hanya mai lanƙwasa da ke juya cikin yaro da babba. Kwana uku ake yi, biyu daga ciki a mota, don a hau raƙumi na awa guda. Bature da bai taɓa ganin raƙumi ba yana da uzuri. Mutumin Agadas ko Maigatari ba shi da shi.

Shafshawan, shuɗin garin nan na hotuna, layin dogo bai kai can ba. Daga Fas awa huɗu ne a bas, kuma wanda ya matsa sai ya je ya hau ta kamfanin CTM, ya kwana a can, kada ya yarda da zuwa da dawowa a yini ɗaya. Tanja, mahaifar Ibn Battuta, ta fi sauƙi tun da aka buɗe jirgin Al Boraq mai gudun kilomita 320 a awa a 2018, wanda ke haɗa ta da Kasablanka cikin awa biyu da 'yan mintuna. Sai dai Al Boraq bai zuwa Fas. Wanda ya ƙwallafa rai a kan Tanja ya musanya ta da Rabat, kada ya ƙara ta a kai. Masu cewa a tsallaka Sifen da jirgin ruwa tunda ana hango ta daga gaɓa kuwa, sun manta da faɗin cewa sai da bizar Turai.

Masauki shi ne darasi na biyu da marubucin ya koya da gumi. A hoto, tsofaffin gidajen nan da ake kira riyad, masu tsakar gida da maɓuɓɓugar ruwa, sun fi kowane otal kyau. Abin da hoton bai nuna ba shi ne mota ba ta shiga tsohon garin Fas. Tasi zai ajiye mutum a ƙofar gari, sauran tafiyar a ƙafa ce, cikin lungunan da wani wurin mutum biyu ba sa jerawa, ga alfadari ɗauke da tukwanen gas, mai shi na ihun "balak" don a kauce. Marubucin ya taɓa jan akwatuna uku da dare na kusan rabin awa, taswirar waya na ta juyawa kamar mai maye, uwargida na biye tana tambayar, "Malam, anya ka san inda muka dosa?" Da aka isa kuma ɗakin yana hawa na uku, matakala mai tsayi, babu na'urar hawa. Maganin abin mai sauƙi ne. A zaɓi gidan da ke kusa da Bab Bujlud, ko Batha, ko Rasif, inda mota ke iya zuwa. A aika wa masu gidan saƙo su turo mai kura ya tarbi baƙi a ƙofa, a kuma tambaye su hawa na nawa ɗakin yake. Mai tafe da tsohuwa ko mai ciwon gwiwa ya sauka a otal a sabon gari, ya riƙa shigowa da rana. Samarin da ke tare baƙo su ce hanyar gaba a rufe take, a yi musu godiya a wuce. Jagoran gaskiya yana da katin hukuma a rataye.

Ƙananan tasi na cikin gari, ja a Fas da Kasablanka, shuɗi a Rabat, mutum uku kawai doka ta yarda su ɗauka. Iyali mai mutum biyar mota biyu ke nan, a sa wannan a lissafi, a kuma ce wa direba ya kunna mita tun kafin a zauna.

Kuɗi a riƙo dala ko yuro a hannu, kada a dogara da katin naira. Dirhami a can ake canza shi, goma ko ƙasa kaɗan a dala ɗaya, kuma kaɗan za a canza a filin jirgi, sauran a cikin gari. Tsaraba a bar ta sai Marrakesh, don kada a yi ta jan darduma da tukwanen tajin daga tasha zuwa tasha. Wanda ke jin Faransanci, kamar 'yan'uwa na Nijar, ya huta. Mai Larabcin makaranta za a fahimce shi, ko da shi bai kama amsar da aka ba shi da Darija, Larabcin mutanen can, ba.

A cikin kwana goman nan a bar yini ɗaya fanko, ba a rubuta masa komai ba, gara ya faɗo a Marrakesh, lokacin da ƙafa ta fara gajiya.

Saura tikitin komawa. Jiragen da ke zuwa Afirka ta Yamma daga Kasablanka yawanci da dare suke tashi, wasu bayan sha biyun dare. Idan tikiti ya nuna ƙarfe ɗaya na ranar Lahadi, to daren Asabar ake zuwa filin jirgi, kuma a kan haka za a ƙirga daren Kasablanka. A duba wannan kwanan wata sau biyu kafin a biya kuɗin masauki ko ɗaya.