Kafin ka kira sunan mai hulɗa da kai

Idan aikinka karɓar jama'a ne, a kantar banki ko ta waya a kamfanin sadarwa, sunan mutum zai bayyana a kwamfutarka kafin ya buɗe baki. Kada wannan ya sa ka kira shi da sunansa tsagwaro. A ƙasar Hausa, dattijon da ya haifi kamarka ba ya jin daɗin yaro ya ambaci sunan yankansa a gaban mutane, ko da cikin fara'a ne.

Fara da Malam ko Malama, domin ba su cika saɓa wa kowa ba. Idan ka ga furfura, Baba ko Mama ya fi dacewa. Alhaji da Hajiya sun zama ruwan dare har ga wanda bai je Makka ba, amma ka lura da wanda ke gabanka: a Sabon Garin Kano za ka haɗu da Kiristan da Oga ko Madam ya fi kwanta masa. Mai sarauta kuwa, Galadima ne ko Wakili, da sarautarsa ake kiransa, a ƙara da ranka ya daɗe.

Wajen tantancewa, maimakon ka karanto sunan da ƙarfi, ka ce, "Hajiya, don Allah ki faɗa mini cikakken sunanki." Wannan ya fi ladabi, kuma ya fi tsaro, tunda ita ce za ta tabbatar da kanta.

In saurayi sa'anka ya ce ka kira shi da sunansa, sai ka bi yadda yake so.