Ina Ƙwallon Duniyar Nan Na Talabijin ɗin BBC Ya Shiga?

TAMBAYA: Ni mai sauraren Sashen Hausa na BBC ne tun ina yaro. Kwanakin baya ɗana ya nuna mini wani tsohon bidiyo a wayarsa: ƙwallon duniya yana juyawa a hankali, a ƙasansa an rubuta BBC1, ga muryar wani mutum da ba a ganinsa. Mene ne amfanin wannan hoto? Kuma me ya sa yanzu ba na ganin komai sai akwatuna uku masu haruffa? Daga wani mai karatu a Funtuwa.

AMSA: Abubuwa biyu ne suka haɗu a tambayarka, kuma sai an raba su za a ji daɗin bayani. Akwatunan nan uku tambarin hukumar BBC ne gaba ɗayanta, shi ne a jikin gininta da takardunta, shi ne kuma a shafin Sashen Hausa da kake gani a waya. Ƙwallon duniya kuwa na tasha ɗaya ne, wato BBC One, babbar tashar talabijin da ake kallo a cikin Birtaniya. Hoton shaidar tasha ne, na 'yan daƙiƙoƙi, da ake sakawa idan wani shiri ya ƙare kafin wani ya fara. Muryar da ka ji ta mai sanarwa ce, yana faɗin abin da ke tafe. Mu da muka san BBC ta rediyo tun da aka buɗe Sashen Hausa a 1957, da kunne muke gane ta, da zarar an ce London take kira. Mai kallon talabijin da ido yake ganewa.

Dalilin da ya sa wannan ɗan hoto ya yi nauyi a BBC shi ne yadda ake ɗaukar nauyin tashar. Ba ta saka tallar 'yan kasuwa a tashoshinta na cikin gida. Kowane gida mai kallon talabijin a Birtaniya yana biyan kuɗin lasisi duk shekara, wanda a 2024 ya kai fam 169.50. To, gurbin da wasu tashoshi ke cikawa da tallar sabulu da mota, BBC da fuskarta take cika shi. Sau da yawa a rana tana tuna wa mai gida cewa ga abin da kuɗinka ya saya. Shi ya sa duk lokacin da aka canza hoton, jaridu kan cika da surutu, domin masu kallo suna ganin da su aka yi tarayya a kayan.

An fara watsa talabijin na yau da kullum a ranar 2 ga Nuwamba, 1936, daga Alexandra Palace a arewacin Landan. Yaƙin duniya na biyu ya sa aka rufe a 1939, aka sake buɗewa a 1946. A duk tsawon wannan lokaci BBC ba ta damu da wata shaida ta musamman ba, tunda ita kaɗai ce a fili. Wa za ta bambanta kanta da shi? Sai da aka fara maganar ba 'yan kasuwa damar buɗe tasu tashar, sannan ta farga. A ranar 2 ga Disamba, 1953, ta fito da shaidarta ta farko, aikin wani mai zane da ake kira Abram Games, wanda shi ne ya zana tambarin babban bikin Birtaniya na 1951. Abin da ya ƙera na tagulla ne: ɗan ƙaramin ƙwallon duniya a tsakiya, zobba suna kewaya shi, ga wasu fikafikai a gefe biyu masu walƙiya. Mutane suka laƙaba masa fikafikan jemage, sunan kuma ya bi shi har yau. Na'urar ba ta da ƙwari, saboda haka aka ɗauke ta a fim aka riƙa maimaitawa. Tashar 'yan kasuwa ta ITV ta fara aiki a Satumban 1955, aka shiga gasa.

Ƙwallon duniya a matsayin shaidar tasha ya bayyana ne a ƙarshen Satumban 1963, ya kuma ɗauki siffofi iri-iri cikin shekaru 39. Wanda ya fi shahara, kuma ina kyautata zaton shi ɗanka ya nuna maka, shi ne na ranar 15 ga Nuwamba, 1969, ranar da BBC1 ta fara watsa hoto mai launi. Murray Andrew ne ya tsara shi. Bari in tsaya a kansa, domin a ganina babu wanda ya kai shi hikima.

Ba kwamfuta ba ce ta zana shi. Ƙwallo ne na gaske, ɗan ƙarami, da fitila a cikinsa. An shafe wuraren teku da baƙin fenti, aka bar nahiyoyi haske yana fitowa ta cikinsu. Wani ɗan inji yana juya shi. A bayansa aka kafa madubi mai lanƙwasa, sai nahiyoyin su bazu a jikin madubin, suna tafiya a shimfiɗe, suna miƙewa suna tsukewa. Abin da zai ba ka mamaki shi ne kyamarar da ke ɗaukarsa ba ta ganin launi ko kaɗan, baƙi da fari kawai take gani. Daga baya ne na'ura ke zuba masa launi, shuɗi a kan baƙi. Wannan dabara ta sa canza launi ya zama abu mai sauƙi: a 1974 aka mai da nahiyoyin rawaya, a 1981 aka mai da su kore, ƙwallon yana nan yadda yake. Kuma ba fim ba ne. Duk lokacin da ka gan shi a allo, a wannan daƙiƙar yake juyawa a cikin akwatinsa. A kusa da shi akwai agogo da allunan ba da haƙuri idan an sami tangarɗa, ana karkata kyamarar zuwa wanda ake buƙata.

A farkon wannan zamani, kusa da sunan tashar an rubuta kalmar da ke nufin launi. Ba ado ba ne. Tun 1968 aka ƙara fam 5 a kan lasisin mai akwatin launi, kuma yawancin gidaje a lokacin baƙi da fari suke kallo. Kalmar tana gaya wa mai tsohon akwati cewa akwai abin da yake wuce shi, tana kuma tuna wa wanda ya sayi sabo cewa ya je ya biya cikon kuɗi.

Ƙwallon da aka ƙera da hannu yana buƙatar gyara da kulawa, ga shi kuma tashar Channel 4 ta zo a 1982 da tambari mai launuka da kwamfuta ta haɗa, wanda ya sa na BBC ya zama kamar tsohon yayi. A ranar 18 ga Fabrairu, 1985, injiniyoyin BBC suka fito da duniyar da kwamfuta ke samarwa, nahiyoyi ruwan zinariya, teku shuɗi mai shara-shara. Bayan shekaru shida aka ɗauko mutumin da ya yi wa Channel 4 nata tambarin, Martin Lambie-Nairn, ya yi wa BBC aiki. A Fabrairun 1991 ya sa lamba 1 a tsakiyar wata duniya mai hayaƙi da inuwa.

A ranar 4 ga Oktoba, 1997, aka yi canjin da ya shafi tambayarka ta biyu. Kafin wannan rana akwatunan BBC a karkace suke, kuma tun ƙarshen shekarun 1980 kowane akwati yana da layi a ƙasansa, shuɗi da ja da kore. Wannan tambari ya zo da matsala. Layin da ke karkace ba ya fita sumul a allon kwamfuta, sai ya yi gatso-gatso, musamman idan an ƙanƙanta shi, ga zamanin intanet da talabijin na dijital ya ƙaraso. Buga launuka da yawa a kan kowace takarda da kowace mota kuma kuɗi ne. Lambie-Nairn ya miƙar da akwatunan, ya cire layukan, ya rubuta haruffan da salon rubutu mai suna Gill Sans, na Eric Gill, mutumin da ya sassaƙa mutum-mutumin da ke saman ƙofar hedikwatar BBC a Landan. Wannan tambari ya yi shekaru 24. A Oktoban 2021 aka ɗan buɗa tsakanin akwatunan, aka rage girman haruffa, aka koma salon rubutu na BBC da kanta, wanda aka sa wa sunan John Reith, shugabanta na farko. Wannan ne yake wayarka yanzu. Mutane da yawa ba su ma lura an taɓa shi ba.

A wannan rana ta 1997 duniya ta sauko daga sararin samaniya. Aka ɗinka wani ƙaton balan-balan mai tashi da iska mai zafi, aka zana taswirar duniya a jikinsa da ja da ruwan lemo, wani kamfani a birnin Bristol ne ya ɗinka. Aka bi shi da kyamara yana shawagi a kan duwatsu da tafkuna da biranen Ingila da Scotland da Wales da Ireland ta Arewa. Manufar a fili take. An daɗe ana zargin BBC da cewa ta Landan ce kawai, alhali mutumin ƙauyen Scotland kuɗin da yake biya daidai yake da na mazaunin babban birni. Balan-balan ɗin yana cewa mun kawo duniya har ƙofar gidanka.

Wadda ta kawar da shi ita ce Lorraine Heggessey, mace ta farko da ta shugabanci BBC One. A ganinta balan-balan ɗin yana da nawa, kuma ya yi nisa da mutane. A ranar 29 ga Maris, 2002, aka maye gurbinsa da masu rawa sanye da jajayen kaya: wasu maza biyu suna wasan capoeira na Brazil a kan rufin bene, 'yan wasan zari-ruga suna rawar haka ta mutanen Maori, wasu a kan keken guragu, wasu suna rawar salsa. Agogon da ake nunawa kafin labarai shi ma ya tafi, domin siginar dijital tana makara kaɗan, lokacin da ke allo ba zai zama daidai a kowane gida ba.

Na fahimci hujjarta. Birtaniya ta zama ƙasar jinsi da addinai daban-daban, kuma tashar da kowa ke biya ya kamata kowa ya ga irinsa a cikinta. Amma ina ganin an yi asara. Mutum yana iya hango ƙwallon nan daga ƙofar ɗaki, ba tare da ya karanta harafi ɗaya ba, ya san tashar da aka kunna. Masu rawa da jan kaya kowace tasha tana iya ɗauka. Abin da aka shekara kusan arba'in ana ginawa a idon jama'a kamar tambarin da ke ƙofar gidan sarauta yake, ana sabunta fentinsa, ba a kankare shi. Da alama mutanen BBC su ma sun ji a jikinsu, domin a ranar 7 ga Oktoba, 2006, a zamanin da Peter Fincham ke shugabantar tashar, aka dawo da da'ira: dorinar ruwa suna iyo suna zagayawa, masu babur, masu tashin filfilo, kowa yana zana zobe. Da'irar tana nuni da harafin O na kalmar One da ke sunan tashar, tana kuma waiwayen duniyar da aka bari. Na dorinar ruwan ya shiga ran mutane ƙwarai.

Abin da ya biyo baya ba shi da dogon labari. A ranar 1 ga Janairu, 2017, aka kawo aikin mai ɗaukar hoto Martin Parr: talakawan gari a tsaye rukuni-rukuni suna kallon kyamara, masu ninƙaya a teku, masu motsa jiki da makamantansu. An yi ta kuka da cewa ba su da armashi, ni ma ina cikin masu wannan ra'ayi. A Afrilun 2022 aka sake komawa da'ira, wadda ke nuna wuri guda a lokuta daban-daban.

Tunda ɗanka yana iya nemo tsofaffin bidiyo, ka sa ya nemo maka na tasha ta biyu, BBC2, wadda aka buɗe a Afrilun 1964. Daren farko ma wutar lantarki ce ta ɗauke a yammacin Landan, sai washegari aka fara sosai. Zuwa ƙarshen shekarun 1980 bincike ya nuna mutane suna ɗaukar tashar a matsayin mai amfani amma mai gundura, abin da ya dami shugabanta Alan Yentob. Maganin da Lambie-Nairn ya kawo a 1991 shi ne lamba 2 kawai, mai kaifin baki, da wani launi tsakanin kore da shuɗi. Sai aka riƙa yi mata abubuwa: a watsa mata fenti, a nutsar da ita a ruwa, a lulluɓe ta da alharini, daga baya har aka mai da ita 'yar motar wasan yara da ɗan kare mai gashi yana tsalle. Yawancinsu da hannu aka ƙera aka ɗauka da kyamara. A na fentin, an kwantar da lambar da kyamarar a gefe ne aka zubo fenti daga sama, shi ya sa mai kallo yake ganin fentin yana tahowa a gicciye. Shirye-shiryen tashar ba su canza sosai ba, amma yadda mutane ke kallonta ya canza. An ajiye waɗannan hotuna a 2001. A 2014, shekarar da tashar ta cika hamsin, aka ciro su daga ma'ajiya aka mai da su allo, suka ci gaba da aiki har zuwa Satumban 2018.