Amsar Tambaya: Saɓanin Littattafai Kan Nisan Gungun Taurari

Tambaya: Wani malamin sakandare daga Birnin Gwari yana neman sanin abin da zai faɗa wa ɗalibansa idan littattafai suka saɓa kan nisan gungun taurari.

Amsa: Ya kamata malam ya koya musu cewa kowane adadi ƙiyasi ne mai iyaka sama da ƙasa. Andromeda, gungun da ake hangowa da ido kamar ɗigon hazo a daren da babu wata a gefen dajin Kamuku da ke yankin Birnin Gwari, masanin taurari Edwin Hubble ya ƙiyasta nisansa da shekarar haske 900,000 a 1929, ma'ana tafiyar da haske zai yi cikin waɗannan shekaru, amma gyaran ma'auni ya kai shi kusan miliyan 2.5. A manyan binciken da suka shafi biliyoyin gungu, irin na cibiyar nazarin taurari ta Vera Rubin da ke Chile, ana ƙiyasta nisa daga yadda launin haske ya karkata zuwa ja, sannan a gwada sakamakon da na gungun da aka auna dalla-dalla domin a gano girman kuskure. Saboda haka ɗalibi ya riƙa rubuta adadi tare da hanyar aunawa da shekarar aunawa, ya kuma fifita awon baya-bayan nan.