Yadda Ake Daidaita Injin Zarto Don Ya Yi Aiki Sosai

Zarto mai inji ya zama abin neman abinci ga mutane da yawa a ƙasar nan, tun daga masu tsaga katako a dazuzzukan kudu har zuwa manoma masu sharar sabuwar gona. A Jamus kamfanin Dolmar ya fito da mai shan fetur a 1927, kamfanin Stihl kuma a 1929, amma waɗannan na farko sai mutum biyu ke iya riƙe su. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu ne aka sami wanda mutum ɗaya ke ɗauka. Kayan aiki ne mai tsada, kuma sau da yawa ba tsufa ke kashe shi ba, mai shi ne ke kashe shi da hannunsa garin neman ƙarin ƙarfi.

Abin da za a fara sani

Injin zarto ba shi da wurin zuba baƙin mai kamar na mota. Man da ke hana ƙarafansa cin juna ana gauraya shi ne a cikin fetur, watau fetur ɗin da ke shiga shi ne abincinsa, shi ne kuma mai shafe fistan yana sanyaya shi. Saboda haka duk wanda ya rage wa injin fetur ya rage masa man shafawa ke nan.

Yawancin injunan yanzu suna son kashi 1 na man gauraye cikin kashi 50 na fetur, watau mililita 100 a lita 5. Wasu tsofaffin injuna kashi 1 cikin 25 aka rubuta musu. A bi abin da littafin injin ya ce, a auna da ma'auni, kada a zuba da ka. A yi amfani da man da aka yi musamman domin irin wannan inji, kada a sa baƙin man da aka juye daga mota.

Kafin a taɓa kafireta

Mutane da yawa da sun ji injin ya yi sanyi sai su ɗauko sukundireba, alhali kuwa laifin yana wani wuri dabam. A fara duban sarƙa. Sarƙa mai kaifi manyan ɓarɓashi take fitarwa, kuma ita ke jan kanta cikin itace. In gari take fitarwa, har sai an danna da ƙarfi, to ta dakushe, kuma ba wani juyin da za a yi wa kafireta da zai gyara wannan. A wasa haƙoranta da zagayayyen magagari daidai girmansu, a karkace kamar digiri 30.

Sa'an nan a wanke matacin iska. Da hunturu, sa'ad da ƙura ta cika gari, kullum ya kamata a yi haka. A kwance fulogi a duba bakinsa: ruwan ƙasa mai haske alama ce ta lafiya, baƙi mai kunkunniya fetur ya yi yawa, fari fat kuwa fetur ya yi kaɗan, kuma wannan shi ne abin tsoro. Tazarar bakin fulogi a yawancinsu rabin milimita ce.

Kusoshi uku na kafireta

A gefen kafireta akwai kusoshi uku. Mai alamar L ita ke auna fetur sa'ad da injin ke tafiya a hankali. Mai alamar H ita ke aunawa sa'ad da aka ba shi wuta duka. Ta uku, mai alamar T ko LA, ita ke tsai da gudun injin in an sake shi yana sulo. In aka juya L ko H dama, yadda hannun agogo ke tafiya, an rage fetur. In aka juya hagu, an ƙara.

A bar injin ya yi ɗumi tukuna. A yawancin tsofaffin injuna ana ɗaure L da H a hankali har su tsaya, ba tare da matsawa ba, sa'an nan a kwance kowace juyi ɗaya. Daga nan ake farawa. In aka ba da wuta injin ya shaƙe kamar zai mutu kafin ya ɗauka, a kwance L kaɗan. A daidaita T yadda injin zai tsaya yana sulo amma sarƙa ba ta motsi. Sarƙar da ke juyawa alhali ba a ba da wuta ba tana iya yanke ƙafar mutum.

Kusar H ita ce ke halaka injuna. In aka ɗaure ta, ƙarar injin sai ta yi siriri ta hau sama, mai shi ya yi murna, yana tsammani ƙarfi ya ƙaru. Gudu ne kawai ya ƙaru. Da zarar an sa shi cikin babban gungume sai ya yi zafi, man shafawa ya gaza, fistan ya karce silinda ya manne, injin ya buga. Wannan yana iya faruwa cikin 'yan mintoci, gyaransa kuwa sai an sayi sabon fistan, wani lokaci har da silinda.

Ga yadda masana ke ganewa da kunne. A ba injin wuta duka na ɗan lokaci kaɗan ba tare da yana yanka ba: ya kamata a ji ƙararsa da ɗan gurnani, kamar yana tuntuɓe. Da an sa shi cikin itace sai gurnanin ya ɓace, ƙarar ta miƙe sumul. In babu gurnanin ko kaɗan, a kwance H. In kuwa yana gurnani har a cikin itace, yana ta hayaƙi, a ɗaure ta, amma ba fiye da kashi ɗaya cikin takwas na juyi a lokaci guda ba. Makanikin da ke da agogon ƙidaya juyin inji ya fi kunne tabbas, gama kowane inji akwai iyakar juyin da aka rubuta masa.

Wuri ma yana da tasiri. A kan tudu kamar Jos ko Mambila iska ba ta da kauri, saboda haka injin da aka daidaita a Legas zai riƙa hayaƙi a can. Haɗarin yana wajen saukowa: wanda aka rage wa fetur a kan tudu, in aka kawo shi kwari ba a sake kwance H ba, yana iya bugawa.

Batun sauya ƙirar inji

A Amurka da Turai akwai masu faɗaɗa bakin salansa, su goge ƙofofin silinda, ko su cire gasket ɗin gindinta don ƙara matsi. Gaskiya ne wannan yana ƙara ƙarfi in gwani ne ya yi, amma lalle ne a sake daidaita H bayansa, in ba haka ba injin zai ƙone. Kuskure kaɗan wajen guga yana sa zoben fistan ya sarƙe ya karye. Ga mai neman abinci da inji ɗaya tak, ribar ba ta kai kasadar ba. Ban da haka ƙarar zarto tun asali ta wuce desibel 100, alhali tun daga 85 kunne ke fara lalacewa in an daɗe ana ji.

A cikin salansar wasu injuna akwai 'yar raga mai tare tartsatsi. In ta toshe da kunkunniya injin yakan yi sanyi. A cire ta a goge a mayar, kada a yar, gama da rani tartsatsi ɗaya ya isa ya tada gobarar daji. Haka kuma kada a cire birkin sarƙa, wanda ke tsai da ita in zarton ya yi tsalle ya dawo wa mutum fuska. Sababbin injuna masu na'urar M-Tronic ko AutoTune su ke auna wa kansu fetur, ba su da L da H. In ɗaya daga cikinsu ya ƙi yin daidai bayan an duba sarƙa da mataci da fulogi, a kai shi wurin wakilin kamfanin.