Tantance Labari Kafin A Zuba Dukiya

Darasinmu na wannan mako ya shafi wani fanni da jami'o'i ke koya wa ɗaliban kasuwanci, watau sanin yadda ake neman bayani, a auna shi, sa'an nan a yi aiki da shi. Wani Ba'amurke mai suna Paul Zurkowski ne ya raɗa masa suna a 1974, amma tushensa ba baƙo ba ne a gare mu. Aya ta 6 ta Suratul Hujurati ta umarce mu da bincike kafin mu gaskata labarin fasiƙi, kuma malaman Hadisi irin su Imam Bukhari, wanda ya rasu a shekara ta 256 bayan Hijira, ba su karɓar magana sai sun san wanda ya ruwaito ta da wanda ya ji ta daga bakinsa.

Ɗan kasuwa ma yana bukatar wannan ladabi. Kamfanin Enron na Amurka ya rushe a 2001, alhali takardun lissafinsa suna ɗauke da sa hannun masu binciken kuɗi na Arthur Andersen, waɗanda kuma suke karɓar ladan ba shi shawara. A nan Nijeriya, hukumar SEC da Babban Banki sun yi gargaɗi game da MMM a 2016, jama'a da yawa ba su saurara ba, har aka tsayar da biyan kuɗi a watan Disamba.

Saboda haka wajibi ne malami ya cusa wa ɗalibi tambayoyi uku. Wa ya faɗa? Daga ina ya samo? Me zai ci idan aka yarda?

Wajen jarrabawa kuwa, kada a ba da maki don yawan littattafan da ɗalibi ya jera. A ɗanka masa rahoton shekara na wani kamfani, ya duba rajistarsa a hukumar CAC, ya bi alƙaluma uku har asalinsu, ya kwatanta su da na Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, sa'an nan ya rubuta dalilin da ya sa ya karɓi wannan ya ƙi wancan. Dalilin nan shi ne abin aunawa, domin gobe amanar dukiyar mutane za a ba shi.

Allah Ya sa mu dace, amin.