Nazarin Littafi Mai Tsarki: Amincin Allah da Rumbun Ikilisiya

Karatu: Nehemiya 9:9-31, 10:32-39, 13:4-13, Malakai 3:6-12

An shirya wannan darasi domin taron addu'a na tsakiyar mako, ko Zumuntar Mata, ko sujadar iyali bayan abincin dare. Mai jagora ya sa a karanta ayoyin da ƙarfi tukuna, saboda waɗanda ba su iya karatu ba. Tambayar da ke gabanmu ita ce: tun da Allah ya riƙe alkawarinsa ga mutanen da suka yi ta karya nasu, me ya kamata mu yi da abin da ke cikin rumbunanmu?

1. Addu'ar da ta tuna baya

A shekara ta 586 kafin haihuwar Almasihu, sojojin Babila suka rushe Urushalima, suka kwashe mutane zuwa bauta. A 538 Sairus, sarkin Farisa, ya ba su izinin komawa gida. A 445 Nehemiya, mai shayar da sarki Artashate, ya zo ya sāke gina garun birnin cikin kwana 52. Bayan haka, a rana ta 24 ga watan bakwai, jama'a suka taru da azumi da tufafin makoki, Lawiyawa kuwa suka bi da su cikin doguwar addu'ar da ke sura 9.

Addu'ar ta jera ayyuka iri biyu. Allah ya raba teku, ya bi da su da al'amudin girgije da rana, na wuta da dare, ya ba su abinci daga sama da ruwa daga dutse. Su kuwa suka taurare, suka so naɗa shugaban da zai mai da su Masar, suka yi ɗan maraƙi na zubi, daga baya har suka kashe annabawa.

Ku lura da aya 18 zuwa 21. Ko bayan da suka yi wa ɗan maraƙin sujada, girgijen bai rabu da su ba, ba a kuma hana su manna ba. Shekara 40 tufafinsu ba su tsufa ba, ƙafafunsu ba su kumbura ba. Manna ba ta daina sauka ba sai da suka ci amfanin ƙasar Kan'ana (Joshuwa 5:12). Ashe matar da ta tuɓe 'yan kunnenta domin gunki ta ci gaba da fita da safe tana tsintar abincin 'ya'yanta.

Kada wani ya ce zunubi ba shi da sakamako. Mutum wajen 3,000 suka mutu saboda ɗan maraƙin, tsarar da ta ƙi shiga Kan'ana ta ƙare a jeji, jikokinsu kuma suka sha bauta a Babila. Amma aya 31 ta nuna cewa saboda yawan jinƙansa Allah bai ƙare su ba. Ya hore su kamar uba, bai yashe su ba.

2. Zinariya ɗaya, hanya biyu

Bayi ba su da zinariya. Wadda Isra'ilawa suke da ita daga hannun Masarawa suka karɓa a lokacin fitarsu, domin Allah ya sa sun sami tagomashi (Fitowa 12:35-36). A sura 32 suka ba Haruna ita ya ƙera gunki. A sura 35 da 36 suka kawo abin da ya rage domin aikin alfarwa ta sujada, maza da mata, kowace safiya, har ma'aikata suka gaya wa Musa kayan sun yi yawa, Musa ya sa aka yi shela a daina kawowa.

Me ya faru tsakanin bayarwa ta fari da ta biyu? A sura 34 Allah ya sabunta alkawarinsa da su. Gafara ce ta fara zuwa, bayarwa ta biyo baya. Saboda haka baiko ba cin hanci ba ne da za mu rufe bakin Allah da shi, ba kuwa adashi ba ne da za mu zuba yau mu kwashi riɓi gobe. Godiya ce ta wanda aka riga aka yi masa jinƙai.

3. Alkawari da ɗakunan ajiya

Mutanen Nehemiya ba su tsaya ga kuka ba. Sun rubuta alkawari, shugabanni suka buga hatimi. Za su ba da sulusin shekel kowace shekara, su jefa kuri'a a kan gidan da zai kawo itacen bagade, su kawo nunan fari da zaka cikin ɗakunan ajiya na Haikali.

Amma ku dubi sura 13. Da Nehemiya ya koma wurin sarki na ɗan lokaci, Eliyashib firist ya ba Tobiya babban ɗakin da ake ajiye hatsi da mai. Aka daina ba Lawiyawa rabonsu, su da mawaƙa suka bar aiki, kowa ya koma gonarsa. Da Nehemiya ya dawo ya watsar da kayan Tobiya waje, ya sa aka tsarkake ɗakunan, mutanen Yahuza kuwa suka sāke kawo zaka. Ya kuma naɗa ma'aji huɗu da aka sani da aminci: Shelemiya firist, Zadok magatakarda, Fedaiya Balawe, da Hanan mai taimakonsu. Dattawa da fastoci, wannan namu ne. Wani lokaci ba rowa ce take hana mutane bayarwa ba, rashin sanin inda kayansu suke tafiya ne.

Annabi Malakai ya yi magana a kusan wannan zamani. Mun saba jin aya 8 da ke zargin jama'a da yi wa Allah ƙwace, amma aya 6 ta riga ta: domin Ubangiji ba ya sākewa, shi ya sa zuriyar Yakubu ba ta ƙare ba. Dalilin kawo zakar kuma shi ne a sami abinci a gidan Allah. Abincin wa? Maimaitawar Shari'a 14:28-29 ta ce a kowace shekara ta uku a tara zakar a cikin gari domin Balawe, da baƙo, da maraya, da gwauruwa. Littafin Firistoci 19:9-10 ya hana manomi girbe gonarsa har gefe, ya hana shi komawa ya yi kala, domin rabon matalauci da baƙo ne. Da wannan kala Rut, mutuniyar Mowab, ta ciyar da surukarta Na'omi.

4. Darasi daga Kwalkwalawa

Kwalkwalawa ƙauye ne a bakin gulbin Rima, a kan hanyar da ta tashi daga birnin Sakkwato zuwa mazaunin dindindin na Jami'ar Usmanu Danfodiyo. Mutanen wurin manoman fadama ne da masunta. A watan Satumba na 2010, bayan ruwan sama mai yawa da ruwan da ya kwararo daga madatsar Goronyo, gulbin ya cika ya tumbatsa. Ya cinye gonaki da gidaje a ƙananan hukumomi irin su Goronyo, Wurno, Kware da Wamakko. A wajen Kwalkwalawa ya yanke hanyar jami'a, har sai da jirgin kwale-kwale ake ƙetarewa.

Ku lura da lokacin. Satumba bakin kaka ne. Manomi ya riga ya zuba ƙarfinsa, da taki, da kuɗin ƙwadago a gona, tsohon hatsi kuma ya ƙare a rumbu tun cikin marka. Idan ruwa ya ci gona a wannan lokaci, ya ci abincin shekara da irin baɗi gaba ɗaya. Sa'an nan bashi ya shigo: a karɓi buhu ɗaya a biya da abin da ya fi haka, ko a jinginar da fadama. Nehemiya 5 ta nuna irin wannan. A lokacin yunwa wasu suka jinginar da gonakinsu, har suka ba da 'ya'yansu bauta, sai da Nehemiya ya sa masu hali suka mayar musu da gonakin.

Abu biyu za mu riƙe a nan. Na fari, kada mu dubi wanda ambaliya ta ci mu ce alhakinsa ne ya kama shi. Yesu ya ƙi wannan tunani game da mutum 18 da hasumiyar Siluwam ta faɗa a kansu (Luka 13:4-5). Na biyu, yawancin mutanen bakin Rima Musulmi ne, ruwa kuwa bai tambayi addinin kowa ba. Allah da ya ciyar da masu taurin kai a jeji, wanda yake sa ranarsa ta fito wa kowa, bai ba mu izinin tambayar mai yunwa inda yake sujada kafin mu auna masa hatsi ba. Maƙwabtanmu Musulmi ma suna fid da dami ɗaya cikin goma na noman damina. Kada a same mu a baya wajen alheri.

Bayan ruwa ya janye, fadama takan riƙe laima, a yi noman rani na albasa da tumatir da sauransu. Amma wanda ya rasa kome yana bukatar iri da kuɗin man injin ban ruwa. Taimako kaɗan a daidai wannan lokaci ya fi mai yawa da ya zo a makare.

5. Abin da ikilisiya za ta iya yi

Motar agaji ba ta isa ko'ina, idan hanya ta yanke kuma ba ta isa da wuri. Ikilisiyar Antakiya ba ta jira yunwa ta iso ba. Da Agabas ya yi faɗakarwa, kowa ya ba da gwargwadon ƙarfinsa, aka aika ta hannun Barnaba da Shawulu (Ayyukan Manzanni 11:27-30). Kakanninmu ma suna da rumbun tsimi, a Jamhuriyar Nijar kuma ƙauyuka da dama suna da bankin cimaka. Ga shawararmu:

(a) A ranar godiyar kaka, kada a sayar da dukan hatsin baiko a lokacin da yake araha. A ware wani kashi domin rumbun ikilisiya.

(b) Kada kowa ya raina nasa. Gida 40, kowanne da tiya ɗaya, sun tara kusan buhu guda. Wanda ba shi da hatsi ya kawo itace ko ƙarfinsa ranar gayya.

(c) A zaɓi masu riƙon rumbu uku ko huɗu, da mace a cikinsu, da wanda ya iya rubutu. Kada makulli da littafi su zauna a hannun mutum ɗaya.

(d) A shanya hatsi ya bushe sosai, a ɗora buhuna a kan katako nesa da bango, a wuri mai tudu inda ruwa ba ya kaiwa.

(e) A buɗe rumbu a watan Yuli da Agusta, ko ranar masifa. Gwauraye, marayu, tsofaffi da baƙi a ba su kyauta. Mai ƙarfi ya ranta ya mayar da kaka, ba tare da riba mai nauyi ba. A ware irin shuka dabam.

(f) A karanta lissafi a gaban jama'a, abin da ya shiga da abin da ya fita, ba tare da kiran sunan wanda aka taimaka ba.

Manzo Bulus ya koma ga labarin manna sa'ad da yake tara gudummawa domin matalautan Urushalima (2 Korantiyawa 8:13-15). Wanda ya tara da yawa bai yi saura ba, wanda ya tara kaɗan bai rasa ba. Yau kai ne mai yalwa, baɗi mai yiwuwa gonarka ce ruwa zai bi.

Tambayoyi domin tattaunawa

1. A cikin Nehemiya 9, sau nawa mutane suka juya baya, sau nawa Allah ya cece su?
2. Me ya bambanta bayarwar Fitowa 32 da ta Fitowa 35?
3. Akwai wani "Tobiya" da ya zauna a ɗakin ajiyar ikilisiyarmu? Yaya za mu gyara cikin ƙauna?
4. Su wane ne baƙo, maraya da gwauruwa a ƙauyenmu, har da waɗanda ba sa zuwa majami'a?
5. Wace rana za mu fara, su wa kuma za su riƙe rumbun?

Addu'a

Ya Ubangiji Allah mai aminci, kai da ba ka hana kakannin bangaskiyarmu manna ba ko a lokacin tayarwarsu, mun gode domin damina da kaka. Ka buɗe hannuwanmu kamar yadda ka buɗe naka. Ka ta'azantar da dukan waɗanda ruwa ko fari ya ci gonakinsu. Ka ba mu masu riƙon amana, domin a sami abinci a gidanka saboda kowane mai bukata. Cikin sunan Yesu Almasihu muka roƙa. Amin.